Ina Masu Farin Bajo?

Ƙarfe goma na safe bai cika ba Haulatu mai awon jini ta fito daga ɗakin gwaji, ta tsaya a gaban Abdulbaƙi tana cire safar hannu.

"Malam, naka bai yi ba. Na mijinta bai yi ba. Na ƙannenku biyu ma haka."

"Na san ba zai yi ba."

"To in ka sani, tsayuwar me kake yi a nan? Leda uku likita yake so kafin la'asar. Jinin bai tsaya ba."

Raihana ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da safiyar nan ta haifi 'ya mace, mako uku kafin lokacin da aka ɗibar mata, kuma tun da mabiyiya ta faɗo jini yake zuba. Jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, wanda ma'aikatan asibiti ke kira O nagetif. A cikin mutum ɗari da ƙyar ka tsinci uku. A haihuwarta ta fari, shekara huɗu da suka wuce, da aka rasa irinsa sai aka ƙara mata na gama-gari don a ceci ranta, kuma tun a lokacin likita ya faɗa musu cewa jikinta ba zai karɓi wannan sau biyu ba.

Waccan haihuwar ce ta jawo maganar bajo. Abdulbaƙi malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma ya fito daga asibitin a ranar yana tafasa. Gari guda kamar Daura, masallaci a kowace unguwa, an ƙaddamar da shari'a ana ta kabbara, amma a rasa mutum ɗaya da ya san irin jinin da ke yawo a jikinsa! Sai ya nufi 'yan acaɓan babbar tasha, don su ne ba a rasawa a gari, kuma su ne aka fi kwasowa daga kan kwalta. Wata biyu ya yi yana musu bayani a gindin dalbejiya kafin mutum ɗari biyu da 'yan kai su yarda a auna su.

Sharaɗi ɗaya suka kafa, ta bakin shugabansu Nagoggo: ba za a rubuta sunan kowa ba.

"Malam, jinin mutum da sunansa a takarda ɗaya? Ai ka gama haɗa wa boka kayan aiki. Wanda ya yarda ma, uwarsa ba za ta yarda ba."

Abdulbaƙi ya yi gardama har muryarsa ta dushe. Da ya ga in ya dage zai rasa duka, sai ya sauko. Aka tsayar cewa kowa zai zari lamba daga cikin hula, Haulatu ta auna jini da lambar, sakamako kuma ya dawo wa mutum a rufe cikin ambulan. Abin da ke cikin ambulan ɗin shi ne bajo: ɗan ƙarfe mai sheƙi da bai fi kwabo faɗi ba, da zanen ɗigon jini a fuskarsa, da allurar maƙalawa a baya. Wani maƙeri a Kano ya buga su, kala biyar, kowane irin jini da kalarsa: ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, da fari. Ja ya fi ɗari. Fari kuwa, na masu irin jinin Raihana, bakwai ne rak, da lamba ɗaya zuwa bakwai a bayansu. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ka maƙala bajonka a rigar aiki. In asibiti ta buƙaci jini, a aiko tasha a kira kala.

Kuma abin ya yi aiki. A shekarar farko mata huɗu da wani direban babbar mota suka tashi ta sanadinsa. Daga nan aka mayar da Abdulbaƙi wata makaranta a Sandamu, ya daina leƙa tashar. Ya ɗauka ya gama. Da Raihana ta sake samun ciki ya ce zai je ya ga masu farin bajo in wata ya tsaya, wata ya tsaya ya ce sai an yi hutu.

Yanzu ga shi a tashar, gumi ya jiƙa masa riga, ya hau kan benci ya ɗaga murya.

"Ina masu farin bajo?"

'Yan acaɓa kusan arba'in suka waigo. Ya bi ƙirazansu da ido. Yawancinsu babu komai a rigar. Wani ya jera ja guda uku a gaban hularsa kamar hafsan soja. Wani daga baya ya yi dariya ya ce, "Wannan ma sabon dillali ne?"

Nagoggo ya taso daga wajen mai shayi. Ya ƙara ƙiba, furfura ta fito masa a gemu.

"A'a, Malam! Yau kai ne a gari? Sauko mana mu gaisa."

"Shugaba, babu lokacin gaisuwa. Ƙanwata ce a asibiti. Fari nake nema, mutum uku."

Fuskar Nagoggo ta sauya. Ya kama hannunsa ya saukar da shi, ya ja shi gefe.

"Innalillahi. Malam, fari a ƙirjin ɗan acaɓa? Ai ya daɗe da fin ƙarfinmu. Fari yanzu sai 'ya'yan alhazai."

"Kun sayar?"

"Ba da sayarwa aka fara ba, kada ka ɗauki alhakinmu. Wani mawaƙi ne ya sa ɗaya a hula wajen wani biki, aka ga hotonsa, kowa ya ce shi ma yana so. Aka aika Kano a ƙaro, sai aka tarar maƙerin ya rasu, 'ya'yansa sun watsar da kayan aikin. Da aka ji ba za a ƙara yin wani ba, shi ke nan. Wanda yake da ja yana neman kore, wanda ya haɗa huɗu ba ya barci sai ya cike na biyar."

"Na ce muku alama ce! Na ce muku ba ado ba ne!"

"Ka faɗa. To amma surukinka ya kalli ƙirjinka ya ce, wannan abin naka ya yi kyau, me za ka ce masa? Sai ka cire ka ce ga shi, Baba. Taubashinka ya fizge ranar Sallah, kotu za ka kai shi? Haka suka fita ɗaya bayan ɗaya. Da yara suka ga ana ba da waya sukutum a kan ɗan ƙarfe, sai sauran suka bi."

"Bar ƙarfen. Mutanen fa? Su wa aka ba fari tun farko?"

Nagoggo ya sosa gemu. "An ba Mahdi, Allah Ya ji ƙansa, bara mota ta bi ta kansa. An ba Hafizu, yana Ikko yana acaɓa. Sauran biyar ɗin, wallahi a ambulan aka ba su. Wasu ba su taɓa sawa ba ma, suna tsoron a riƙa kiransu kullum. Kuma rabin waɗanda ka sani sun bar sana'ar."

Abdulbaƙi ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Takarda ɗaya da biro ɗaya da sun isa. Shi da kansa ya ajiye biron.

Nagoggo ya juya ya daka wa yaransa tsawa, ya tura mutum goma sha biyar asibiti a auna su, ko Allah zai sa a dace. Fiye da haka ba zai yiwu ba, don Haulatu ta riga ta ce ruwan gwajin da ya rage mata bai wuce na mutum ashirin ba. Sannan ya tayar da babur.

"Hau, Malam. Akwai mutum ɗaya da ya san labarin kowane fari. Sada, ɗan Alhaji mai shagon taya a Mai'adua."

Ranar kasuwa ce. Tun daga nesa hanyar ta cushe da motocin shanu da raƙuma da amalanke, Nagoggo yana kurɗawa yana zagin duk wanda ya tare shi. Sha biyu ta gota kafin su isa. Sada saurayi ne ɗan shekara talatin, mai fara'a, da farar shadda. Da ya ji an ce wannan shi ne malamin da ya ƙirƙiro bajon, sai ya miƙe tsaye ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe! Wallahi na daɗe ina son in gan ka. Tsaya ka ga abinka."

Kafin Abdulbaƙi ya ce uffan ya shige ciki ya fito da wani ɗan akwati na katako, ya buɗe. An shimfiɗe cikinsa da baƙin karammiski. Ga ja a jere, ga kore, ga shuɗi, ga ruwan ɗorawa. A sahun sama farare shida suna ƙyalli, da gurbi ɗaya a tsakiyarsu babu komai.

"Duba bakinsa, Malam," in ji Sada, yana nunawa da farce ba tare da ya taɓa ba. "Ka ga ruwan zinari? Sauran kalolin duk bakin azurfa ne. An ce kuskure maƙerin ya yi, farin ne kaɗai ya fito haka. Ga lamba a baya, ba a iya yin jabunsa. Wani ya gwada a Kano, da gani ka san ba shi ba ne. Mu goma sha ɗaya ne masu tarawa tsakanin nan da Damagaram, amma babu mai fari ko ɗaya sai ni. Lamba huɗu kawai ya rage mini. Shekara guda ina bin sawunsa."

"Alhaji," in ji Abdulbaƙi, "ƙanwata tana zubar da jini a Daura. Irin jinin masu wannan farin take buƙata kafin la'asar."

Murmushin Sada ya ɗauke. Ya kalli Nagoggo, ya kalli akwatin, sai ya tura shi gaban Abdulbaƙi da sauri.

"Subhanallahi! Ɗauke su, Malam. Duka shidan. Wallahi ba na son komai."

Da gaske yake, idonsa har ya kawo ruwa. Abdulbaƙi ya tsaya yana kallon ƙarafan nan shida a kan karammiski.

"In kai su asibiti a narka a ɗura mata? Mutanen nake nema, Alhaji. Daga hannun wa ka samo kowanne?"

Sada ya zauna, ya fara lissafowa da yatsu. Lamba ɗaya daga wani mai kanti a Damagaram, wanda ya samo daga wani dillalin raƙuma, wanda ya ci shi a musaya da agogo. Lamba biyu da biyar daga wani mai ɗaukar hoton biki, shi kuma daga mawaƙin nan. Uku daga wata amarya da aka sa mata shi a cikin kayan lefe. Bakwai ya ratsa hannu huɗu. Ya san tarihin kowanne kamar yadda mai doki ya san asalin dokinsa, amma duk inda ya bi, labarin yana yankewa kafin ya kai ga ɗan acaɓan da aka zuƙi jininsa.

"Shida fa?" in ji Nagoggo.

"Shida ai ban saya ba. Na Dabo ne, taubashina, ɗan goggona. Na fizge a rigarsa ranar Sallar layya." Ya tsaya, ya dafe kai. "Kai! Dabo ai ya yi acaɓa a Daura."

"Yana ina?"

"Ya koma noma, wani ƙauye gaba da Zango. Ba shi da waya."

Sada ya bar shagon a buɗe ya ɗauko mota, Nagoggo ya ajiye babur ɗinsa a nan, suka shiga su uku. Suna hanya wayar Abdulbaƙi ta yi ƙara. Haulatu ce. Duk goma sha biyar ɗin da Nagoggo ya tura babu wanda ya dace. Raihana ta fara jin sanyi, ana ƙara mata ruwa. Ya ce suna tafe da mutum ɗaya, in Allah Ya so. Ta ce ɗaya? Ya kashe wayar.

An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, hanyar ƙauyen ta zama taɓo. Motar ta kafe a wani kwari, suka bar ta suka taka da ƙafa ta cikin gonakin gero, Sada yana riƙe da gefen shaddarsa. An yi azahar tuni lokacin da suka hango mutum sunkuye da fartanya. Dabo siriri ne, baƙi, da tsohuwar riga mai yagaggen hannu. Da ya ɗago ya ga Sada sai ya washe baki.

"A'a! Ɓarawon bajo da kansa! Ka zo biyan diyya ne, ko yunwa ce ta koro ka gidan iyayengijinka?"

"Kai bawa, ajiye fartanyar nan, ba wasa ya kawo ni ba."

"Wa ye bawan? Dubi ƙafarka, ko jaki ya fi ka iya tafiya a gona."

Abdulbaƙi ya shiga tsakaninsu. "Malam Dabo, ka gane ni?"

Dabo ya ƙanƙance ido. "Malamin jini! Sannu da zuwa, Malam."

"Bajon da ya karɓe maka, naka ne tun asali? Ba wani ya ba ka ba? Don Allah ka tuna da kyau."

"Nawa ne mana. A ambulan aka ba ni, na buɗe a bayan masallacin tasha. Har na ji haushi, kowa na da mai kala ni an ba ni fari kamar na mara lafiya."

"An taɓa kiranka?"

"Wa zai kira ni? Wata uku na yi da shi wannan azzalumin ya raba ni da abina."

Suka tura motar su huɗu har ta fita. Dabo bai ko wanke ƙafa ba. A hanya ya tambaya ko za a ɗebi da yawa, ko zai iya komawa gona gobe, don ciyawa ta kusa cinye masa geron.

Uku da rabi suka shiga asibitin. A barandar ɗakin gwaji wani mutum yana zaune, mai matsakaicin shekaru, da babbar riga da ƙamshin turare, ga farin bajo yana walƙiya a gaban hularsa. Abdulbaƙi ya nufe shi da sauri.

"Bawan Allah, naka ne? An auna ka?"

"An ce ana cigiyar fari ruwa a jallo," in ji mutumin, yana gyara zama. "Shi ne na ce bari in zo in ji tayi. Wai ashe jini ake nufi. Matar can ta soke ni a yatsa, ta ce nawa irin na kowa ne."

"Wa ya ba ka shi?"

"Mijin ƙanwata. Na yaba ne kawai, yaron kirki, ya cire ya ba ni."

"Ɗan acaɓa ne? Yana ina?"

"Ya tafi Agadas neman kuɗi tun bara. Ko matarsa ba ta da lambarsa."

Sada yana tsaye a bayansu. Abdulbaƙi ya ga idonsa ya sauka a kan hular ya manne a can, na ɗan lokaci kaɗan, kafin ya kawar da kai yana istigfari.

Jinin Dabo ya dace. Haulatu ta fito da gudu ta ja shi ciki, ta kwantar da shi da taɓon ƙafarsa a kan farin zanen gado. Da ledar ta cika ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ƙara ɗaya mana. Ai akwai saura."

"Me ka ci yau?"

"Kunu, da safe."

"In na ƙara ɗaya gadaje biyu za mu nema. Kwanta."

Abdulbaƙi ya bi ta har ƙofa. "Rabin leda fa? Ya yarda da kansa."

"Malam, kai ka koyar da wannan a aji. Kada ka sa ni in faɗa maka abin da ka sani."

Ana kiran la'asar likita ya fito, matashi ne da jajayen idanu. Ya ce leda ɗaya ba za ta isa a yi mata aiki a nan ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaura mata ita a kama hanyar Katsina yanzu, ko can za a samu ajiya. Abdulbaƙi ya tambaya ko an tabbatar akwai. Likitan ya ce ya kira sau huɗu, ba a ɗauka ba.

Motar asibiti ta fita da wani tun da rana, don haka aka kwantar da kujerar motar Sada. Sama'ila, mijin Raihana, ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa, bakinsa yana motsi da addu'a. Jaririyar aka bari a hannun Inna, mahaifiyarsu. Babu inda za a rataya ledar, sai aka miƙa wa Abdulbaƙi, Haulatu ta ɗaga masa hannu sama har ya taɓa rufin motar.

"Haka za ka riƙe. In ka sauke, ya daina shiga."

Suka fita daga gari. Sada yana tuƙi da hannu biyu. Gonaki kore shar suna wucewa ta taga, mutane suna komawa gida da fartanyu a kafaɗa. Leɓɓan Raihana sun yi fari. Can ta buɗe ido, ta nemi fuskarsa.

"Yaya."

"Na'am, ina nan."

"An samo mutanen naka?"

"An samu ɗaya."

"To," in ji ta. "Allah Ya saka masa." Ta lumshe ido. "Ka ce wa Inna ta rufe mata kai, akwai iska."

Kafaɗarsa ta fara zafi, sannan ta mutu, bai sauya hannu ba don kada tiyon ya motsa. Yana kallon jinin Dabo yana sauka ɗigo-ɗigo, ledar tana lotsawa tsakanin yatsunsa. Ya tambayi Sada saura nawa su kai. Sada ya ce ba su kai Mashi ba tukuna. Abdulbaƙi ya sake duba ledar. Ba ta kai rabi ba.

"Taka, Alhaji," in ji shi.

"Ƙafata tana ƙasa, Malam. Iyakar gudunta ke nan."

Sama'ila ya sunkuya ya kira sunanta a hankali. Ya sake kira. A karo na uku ta amsa, can ƙasa, da ƙyar. Abdulbaƙi ya ƙara miƙa hannunsa sama, duk da babu sauran wurin da zai miƙa shi.